Shin da gaske ne makin katin bashi yana iya biyan tikitin jirgi?

Baƙon Hanya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar banki da ta tafiye-tafiye. Wani abokin aikina ya dawo daga hutu yana ba mu labari cewa shi da maiɗakinsa sun yi tafiyar awa takwas a jirgi ba tare da ya sayi tikiti ba, wai da makin da ya tara a katin bashinsa ya biya. Ni kuwa shekara uku ke nan ina riƙe da katin bashi, da shi nake cefane da sayen mai da biyan kuɗin wuta da na waya, amma da na duba abin da na tara sai na tarar ko rabin tikiti ɗaya bai kai ba. Abin da nake kashewa a katin bai wuce dala 1,000 a wata ba, kuma wani lokaci nakan bar ragowar bashin ta tsallaka wata idan aljihu ya yi sanyi.

Yanzu wani banki ya aiko mini da tayin sabon kati: zai ba ni maki 60,000 idan na kashe dala 4,000 a wata uku na farko, amma akwai kuɗin shekara dala 95. Shin wannan ita ce hanyar da abokina ya bi? Kuma ta yaya mutum zai gane cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu kafin ya sa hannu?

Tsohon Akanta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga dabara, bari mu fara da inda makin yake fitowa, domin wanda bai san wannan ba shi ne yake biya wa wasu kuɗin jirgi bai sani ba. Duk lokacin da ka miƙa kati a kanti, mai kantin ba ya karɓar kuɗin cif-cif. Ana yanke wani kaso, kuma mafi yawansa bankin da ya ba ka katin yake shiga. A Amurka wannan kaso yana kaiwa wajen kashi 2 cikin 100 na cinikin. A Tarayyar Turai kuwa, tun shekarar 2015 doka ta ƙayyade shi a kashi 0.3 cikin 100 ga katin bashin ɗaiɗaikun mutane, shi ya sa tukuicin da bankunan Amurka ke rabawa ya ninka na Turai nesa ba kusa ba. Daga wannan kaso, da kuɗin shekara, da kuɗin ruwan da masu jinkirin biya suke zubawa, banki yake sayen maki a hannun kamfanin jirgi ya miƙa maka. Cinikin ba ƙarami ba ne: a shekarar 2023 kamfanin jirgin sama na Delta ya karɓi kusan dala biliyan 7 daga American Express, kamfanin da ke bayar da katin bashi, ta wannan hanya, kuma a 2021, lokacin da annobar korona ta durƙusar da sufurin sama, American Airlines ya jinginar da shirinsa na maki ya ciyo bashin dala biliyan 10.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne inda ka ce kakan bar ragowar bashi ta tsallaka wata. A nan gizo ke saƙar. Mu ɗauka katin yana ba ka maki ɗaya da rabi a kowace dala. A shekara ka tara 18,000, wanda idan aka kimanta kowane maki a senti ɗaya, wato ɗaya cikin ɗari na dala, ya zama dala 180. Idan kuma a tsawon shekarar kana ɗauke da bashin dala 2,000 a kan kuɗin ruwa kashi 20 cikin 100, wanda a Amurka matsakaicin ruwan katin bashi ya ma ɗara haka a 'yan shekarun nan, to ka biya dala 400. Ka ba da 400 ka karɓi 180, an yi ba a yi ba. Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a yawancin katuna, da zarar ka bar ragowa sai ka rasa kwanakin rangwamen da ake bayarwa, wato sabon sayayyar da ka yi ma ruwa zai fara hawa kanta tun daga ranar da ka yi ta. Haka nan cirar tsabar kuɗi da katin bashi ba ta kawo maki, sai ƙarin caji da ruwa nan take.

Game da tayin nan, a wata uku dala 3,000 kake kashewa, su kuma 4,000 suke so. Akwai giɓin dala 1,000 ke nan. Idan kana da wani babban biya da dole ka yi shi ko da kati ko babu, kamar inshorar mota ta shekara, sai ka daidaita buɗe katin da lokacinsa. Amma idan sai ka sayi abin da ba ka buƙata kafin ka cike, to ka sayi makin da tsada. Shawarata ita ce ka fara share tsohon bashin kaf, ka sa banki ya riƙa cire cikakken kuɗin kowane wata kai tsaye daga asusunka, sannan ka waiwayi tayin.

Mai Yawon Duniya ya amsa:

Duk abin da Baba Akanta ya faɗa na sa hannu a kai. Ni zan ɗora daga inda ya tsaya, a kan mutumin da ba ya barin bashi ya kwana. Malam, ina kyautata zaton abokinka da irin wannan tukuicin buɗe kati ya yi tafiyarsa, domin da cefanen yau da gobe kaɗai sai ka shekara uku da 'yan watanni kafin ka tara abin da tayin nan zai ba ka a wata uku.

Sai dai maki suna suka tara. Akwai wanda yake daidai da kuɗi, a rage maka shi daga bashinka ko ka sayi tikiti da shi a shafin bankin, galibi a kan senti ɗaya. Akwai wanda yake ɗaure da kamfanin jirgi ɗaya ko rukunin otal ɗaya, irin tsarin da American Airlines ya shahara da shi tun da ya buɗe shirinsa na maki mai suna AAdvantage a 1981. Sannan akwai na uku, wanda ni na fi so, wato makin banki da ake iya tura shi zuwa kamfanonin jirgi da yawa, kamar Membership Rewards na American Express ko Ultimate Rewards na bankin Chase. Amfaninsa yana fitowa ne idan ka haɗa shi da ƙawancen kamfanonin jiragen sama: Star Alliance da aka kafa a 1997, wanda ya ƙunshi irin su Lufthansa da United da Turkish Airlines da Ethiopian Airlines; oneworld na 1999, inda British Airways da Qatar Airways da American Airlines suke; da SkyTeam na 2000, gidan Air France da KLM da Delta. Makin kamfani ɗaya yana iya saya maka kujera a jirgin abokin ƙawancensa, kuma sau da yawa kujera ɗaya a jirgi ɗaya farashinta na maki ya bambanta gwargwadon shirin da ka bi ta kansa. Wanda ya duba shiri uku kafin ya yanke shawara yakan sha mamaki.

Lissafin da nake yi kafin in kashe maki ba shi da wuya. Ina ɗaukar kuɗin tikitin, in cire haraji da cajin da dole in biya da kuɗi ko da na yi amfani da maki, sannan in raba abin da ya rage da yawan makin. A misali, tikitin dala 640 da ake bayarwa a maki 35,000 da cajin dala 120 ya ba ka kusan senti ɗaya da rabi a kowane maki, wannan ciniki ne. Amma tikitin dala 300 da ake neman maki 30,000 da cajin dala 90 bai kai senti ɗaya ba, gara ka biya da kuɗi ka ajiye makinka. Ka kuma yi wa kanka gaskiya a lissafin kujerun manya na gaban jirgi. Mutane suna alfahari cewa sun samu senti biyar ko shida a kowane maki, alhali ko a mafarki ba za su taɓa fitar da wannan kuɗi daga aljihunsu ba. Abin da ka tsira da shi a zahiri shi ne kuɗin kujerar da da ma za ka saya.

Ƙa'idar da ba na karyawa ita ce: a fara ganin kujera kafin a tura maki. Makin da ya bar banki ya shiga asusun kamfanin jirgi ba ya dawowa.

Uwar 'Yan Uku ta amsa:

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ni da hawaye na koye ta, ɗan'uwa. Mun shekara biyu ni da maigidana muna tara maki domin mu kai yara hutu. Wani dare na ga kujeru biyar a shafin wani kamfanin jirgi, na yi hamdala, na tura maki 150,000 daga banki, ina zaton nan take za su shiga. Sai da suka kwana biyu a hanya. Da safiyar rana ta uku na buɗe shafin, kofin shayina a hannu, na tarar kujera biyu kacal suka rage a wannan farashi, sauran kuma an ninka musu maki. Na kira kamfanin, wata ma'aikaciya ta saurare ni cikin ladabi har na gama, ta ce ba ta da abin da za ta iya yi. Ƙarshenta mutum biyu suka tafi da maki, muka sayi tikiti uku da kuɗi, ragowar makin kuma ya zauna a asusun da ba mu da wata tafiya da shi.

Don haka mai iyali ya sani cewa labarin mutum ɗaya ko biyu daban yake da na mutum biyar. Kamfanoni kujeru kaɗan suke warewa a farashin maki mai sauƙi, kuma lokacin hutun makaranta, wanda shi ne kawai lokacin da mu za mu iya tafiya, shi ne lokacin da kowa ke nema. Yawancinsu suna buɗe sayar da tikiti kimanin wata goma sha ɗaya kafin ranar tashi, kuma yanzu a makon da aka buɗe nake fara dubawa. A kuma karanta sharaɗin lalacewar maki, domin wasu shirye-shiryen suna share shi idan asusu ya yi shekara ɗaya da rabi ko biyu ko uku babu motsi, wasu kuma ba sa sharewa. Kalmar kyauta ma a riƙa sassauta ta: harajin filin jirgi da ƙarin cajin da wasu kamfanoni ke ɗorawa a kan doguwar tafiya yana iya kai ɗaruruwan daloli a kan mutum ɗaya.

Mai Nazari ya amsa:

Malam, abu biyu zan ƙara a taƙaice. Duk sabon kati da ka nema, banki zai binciki tarihin bashinka, kuma a ƙasashen da ake auna mutum da wannan tarihi binciken yana ɗan rage masa daraja na wani lokaci, saboda haka wanda ke shirin neman rancen gida nan kusa ya dakata da buɗe katuna. Na biyu, ga wanda yake kiyaye kansa daga riba, biyan bashi cikakke kafin wa'adi yana hana ruwa hawa, amma malamai sun yi saɓani a kan sa hannu a yarjejeniyar da sharaɗin ruwa yake cikinta tun farko. Wannan tambaya ce da mutum zai kai wa malamin da ya amince da shi kafin ya cike takarda.

Tsohon Akanta ya sake amsawa:

Hajiya, labarinki ya tuna mini da abin da na manta. Maki ba ajiya ba ce, domin wanda ya buga shi shi ne yake yanka masa daraja, kuma yana iya sauya ta ranar da ya ga dama. A da kamfanoni suna wallafa jadawali, kowa ya san tafiya kaza maki kaza ce. Delta ya cire nasa jadawalin a 2015, wasu manyan kamfanoni suka bi sahu, yanzu farashin maki a wurare da yawa yana hawa da sauka tare da farashin kuɗi. Wanda ya rungume maki 200,000 yana jiran wata babbar tafiya bayan shekara biyar, zai iya tarar da cewa abin da zai kai shi ya dawo da shi a yau, a lokacin zuwa kawai zai iya biya. Shi ya sa na fi son mutum ya zaɓi tafiyar tukuna, ya san inda za shi da watan da zai tafi da mutum nawa, sannan ya nemi katin da makinsa ke kaiwa can. Kuma idan shekara ta zagayo aka zo cire dala 95 ta biyu, tukuicin maraba ya riga ya wuce, sai a sake lissafi daga farko: idan abin da katin ke kawowa bai kai kuɗinsa ba, a tambayi banki ko zai mayar da shi zuwa wani katinsa marar kuɗin shekara maimakon a rufe asusun gaba ɗaya.

Baƙon Hanya ya amsa:

Na gode ƙwarai, Baba Akanta, Hajiya, da sauran 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na zauna da takardun bankina na bara na haɗa kuɗin ruwan da na biya, ya kama dala 310, makin da na samu a shekarar kuma bai kai na dala 150 ba. Na ajiye tayin a gefe tukuna. Idan Allah ya yarda nan da wata huɗu zan gama da tsohon bashin, kuma inshorar motata tana faɗowa ne wata biyu bayan haka, wanda zai cike giɓin nan ba tare da na ƙara sayen komai ba. Tafiyar da nake so ta mutum biyu ce, kuma ba a lokacin hutun makaranta ba. Malam Mai Yawon Duniya, idan na samo kuɗin tikitin da yawan makin da shirye-shirye biyu ko uku suke nema, zan kawo alƙaluman nan ka taya ni duba lissafin kafin in tura ko maki ɗaya.