Wane suna za mu ba kankaren SCC da Hausa?

Ɗaliba: Salam jama'a, don Allah a taimaka, ina so in yi bayanin kankaren nan da ake kira SCC (self-compacting concrete a Turance) da Hausa, wanda ba a sa masa faibireta, wato injin girgiza kankare, shi da kansa yake malala ya ratsa tsakanin rodi ya cika ko'ina. An ce in rubuta "kankare mai ruwa" amma raina bai kwanta ba.

Injiniya: A'a ƙanwata kar ki soma. In kika ce mai ruwa gobe wani zai tuttula ruwa a kwaɓi ya ce ai shi ne, alhali yawan ruwa shi ke kashe ƙarfin kankare. Shi wannan kankaren sinadari ake sa masa ya saki, a rage tsakuwa a ƙara gari irin su siminti. Farfesa Okamura ne ya kawo shawararsa a Japan a 1986, aka fara haɗa shi a jami'ar Tokyo a 1988 saboda ƙwararrun ma'aikata sun yi ƙaranci.

Tsohon magini: To "mai daskarewa da kansa" fa?

Injiniya: Baba ai kowane kankare da kansa yake daskarewa. Shi wannan nauyinsa ne ke danne shi ya kori iska, ba rami ba kogo, ni dai "kankare mai danne kansa" ya fi min.

Ɗaliba: Na gode yallabai. Saura bim ɗin, wato dogon kankaren da ake gittawa kan ginshiƙai, da ake ja wa wayar ƙarfe kafin a zuba, irin na gada.

Tsohon magini: Ɗamewa ake yi ai 'yata, kamar fatar ganga. Ɗamammen bim.

Injiniya: Wallahi Baba ka gama magana. Ana ɗame wayoyin, a zuba kankare, in ya yi ƙwari a sake su su matse bim ɗin, to duk ƙarfin ya dogara ne da yadda kankaren ya riƙe waya, shi ya sa mai danne kansa yake da amfani a nan don wurin a cunkushe yake faibireta ba ta shiga sosai. Amma ki rubuta har da inda ake sa masa ido, da yake tsakuwa ta ragu yana iya tsukewa fiye da na gama-gari, ɗamewar ta ɗan sassauta a hankali, kuma in kwaɓin bai yi daidai ba tsakuwa ta nutse ƙasa wayoyin sama su rasa riƙo. Dole a gwada kowane kwaɓi kafin a zuba.

Ɗaliba: Shikenan na ɗauki duka biyun, Allah ya saka.