Wai jakata ce jabu?

Maman Ilham: Jama'a yau an ɓata min rai wallahi. Wata ƙawata ta ɗauki jakata Louis Vuitton tana jujjuyawa, wai jabu ce don Sifen aka rubuta a ciki ba Faransa ba, kuma hannunta ya yi duhu. Jakar da na daɗe ina tara kuɗinta, fata zalla!

Anti Rabi: Rabu da ita, hassada ce. LV ai suna ɗinki a Faransa da Sifen da Italiya har Amurka. Duhun hannun ma alama ce mai kyau, fatar saniya ce da ba a shafa mata komai ba, fara-fara take zuwa sai rana da gumin hannu su mai da ita ruwan zuma, ta jabu kuwa yawanci haka za ta yi ta sheƙi kamar roba.

Ummi: Amma Anti fata zalla fa? In mai ruwan ƙasan nan ce mai tambari, jikinta ba fata ba ne, yadi ne mai kauri aka shafe shi. Hannu da gefe ne kawai fata.

Maman Ilham: Au, wato yadi na saya kenan?

Ummi: Ni ban ce jabu ce ba, orijinal ɗin ma haka take.

Hajiya Turai: Ke Ummi kin taɓa riƙe ko ɗaya? Daga gani a waya sai fatawa.

Ummi: Sai na haifi saniya kafin na san fata, Hajiya?

Safiya: Ku turo hoton ɗinkin mana da zif ɗin, a nan ake kama su. Da lambar ciki.

Anti Rabi: Wace lamba kuma, tun 2021 suka daina sawa, ɗan na'ura suke ɓoyewa a ciki.

Hajiya Turai: Ni dai shinshinawa nake, hancina bai taɓa yaudarata ba. Kuma Ummi ki janye maganar saniyar nan, ni ba sa'arki ba ce.

Ummi: Ke kika fara.

Safiya: Hoton fa?

Anti Rabi: To ya isa haka. Abin da aka tsayar, rubutun Sifen da duhun hannu ba su nuna jakar Maman Ilham jabu ce ba, kuma in mai tambarin nan ce hannu da gefe ne fata, ƙawarta hassada ke cin ta. Ummi ki ba Hajiya haƙuri.