Wai mai Faransanci ya gama rabin angile?

Mushen angile: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, yaron da ya riƙe Faransanci da kyau ya gama rabin angile tun bai shiga sizyam, ajin farko na koleji, ba. Tun 1066 da Normandawa suka ci Ingila Faransanci ke kwarara cikin harshensu, shi ya sa nation, important, possible duk rubutu guda ne, faɗin kawai ya bambanta. A bar sa ɗiya hardar lista, a koya musu yanka kalma, un a gaba ful a baya, sai unhelpful ta buɗe da kanta

Maman 'yar katiryam: Mushe ka yi haƙuri amma kamannin nan shi ke kada su. Ɗiyata ta rubuta adresse a jarabawar angile aka ja mata jan biki, wai su d biyu suke sawa kuma ba e a ƙarshe, appartement kuma nasu p guda ne, to ina sauƙin

Alhajin kasuwa: Hhhh mu da ke shiga Jibiya da Katsina ba wanda ya taɓa ce muna rubuta, how much da last price sun ishe mu

Tsohon darakta: Alhaji ai BEPC, jarabawar ƙarshen koleji, ba ciniki ba ne, takarda ake dubawa. Wajen gane ma'ana mushe na da gaskiya, wajen rubutu Hajiya ta fi shi. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sauti wajen 44, ka duba though, through da tough, wutsiyarsu guda amma kowace da faɗinta, wane yanka ne zai fisshe ka nan in ba dikte da maimaici ba? Ko ma'anar ma akwai tarko, library gidan karatu ne, librairie kuwa shagon sai da littattafai

Mushen angile: Ranka ya daɗe rabi na ce ban ce duka ba. Kuma dikten nan mun sha shi, yaro ya rubuta daidai bai san mi ya rubuta ba

Maman 'yar katiryam: To raining cats and dogs fa mushe, ita ta ina za a yanka? yarinya ta zo tana tambayata ko a Ingila kyanwa ke faɗowa daga sama

Mushen angile: Wannan salon magana ne Hajiya, mu ma muna cewa ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi kam na yarda sai harda

Tsohon darakta: Ashe dai listar na nan