Buruji da Babu: Musayar Baitoci Daga Katsina

Ɗan Ƙofar Marusa:
Sallama gare ku, 'yan uwana,
Kalma biyu sun tsaya a raina,
Buruji ɗaya, ku ba ni ma'ana,
Sai Babu, ita ma ku warware mana.
Ƙanena waya ta hana shi kwana,
Wai shi Kunama ne, yana faɗa mana,
Wai arzikinsa na tafe da rana,
Alhali kuɗin data daga aljihuna.

Malam na Gobarau:
Burji da Larabci ai hasumiya,
Irin ta Gobarau da ke nan tsaye ɗaya.
A Nisa'i, aya ta 78 ka biya,
Mutuwa na riskar mai buruji na kariya.
Na sama sha biyu ne a kan hanya,
Rana ta ratsa su a shekara ɗaya,
Kowane daraja 30, ka ƙidaya,
360 ke nan, da'ira ta kewaya.
Rago da Sa, Tagwaye ka biya,
Ƙaguwa da Zaki, sai Zangarniya,
Ma'auni, Kunama, Baka, Ɗan akuya,
Guga da Kifi, a nan suka tsaya.

Manomin Ajiwa:
Allah gafarta Malam, mu ba mu karanta ba,
Kaza da 'ya'yanta dai ba mu manta ba,
Da ita kakana ke lissafin damina,
Bai taɓa tambayar ta wa zai aura ba.

Malam na Gobarau:
Surayya ke nan, tana cikin Sa,
Kakanka ya yi daidai, Allah ya ji ƙansa.

'Yar Ƙofar Ƙaura:
Kun hau sama kun bar Babu a gari,
Bari in taɓa ta, Baba, a yi haƙuri.
Tulu na wofi yana nan tun fari,
Ruwa kawai ya rasa, ba wani sirri.
Sifru a Larabce fanko, shi ne sifiri,
Ka sa shi bayan 1 ka ga tasiri,
Ta koma 10, in biyu ne ɗari,
Mai wannan aiki a ce Babu? A'a, bari!

Malam na Gobarau:
Madalla 'yata, kin faranta ranmu.
Babu ta ainihi ita ce adamu,
Da ainun ake rubuta ta a allonmu,
Kar a haɗa ta da sunan Annabi Adamu.
Kishiyar wujudu ce, samuwa, a tauhidinmu,
Korarriya ce ga Ubangijinmu.

Ɗan Ƙofar Marusa:
To Malam, Muhammadu Alkatsinawi fa?
Hisabi da taurari duk ya taɓa,
A 1741 ya rasu a Alƙahira,
Yaron zai ce da shi ya fake fa.

Malam na Gobarau:
Sanin tafiyarsu ilimi ne mai kyau,
Lokaci da alƙibla, matafiyi da yau.
Mai zuwa wa boka tambayar gobe,
Sallar kwana 40 ba lada, ya kiyaye.

Manomin Ajiwa:
Saura Zara, Malam, matar wata,
A wane buruji aka yi mata ɗakinta?

Malam na Gobarau:
Zuhura ce, yawo ne aikinta,
Buruji zuwa buruji take tafiyarta.

'Yar Ƙofar Ƙaura:
Wata ma masauki 28 gare shi,
Ku bar Zara, ku fara tuhumar shi!