Muhawara: Wajibi ne 'yan sa-kai su ci gaba da lallaɓa tsofaffin kwamfaila?

Malam Aminu: Ni a ganina, 'yan sa-kai da ke kula da laburaren buɗaɗɗiyar manhaja (tarin kod da kowa zai iya gani ya kuma yi amfani da shi a nasa shirin) suna da damar su daina tallafa wa tsohuwar kwamfaila, wato manhajar da ke juya abin da mai shirin kwamfuta ya rubuta zuwa harshen na'ura. Ko Linux, zuciyar tsarin sarrafa kwamfuta da manyan kamfanoni ke mara wa baya, ta ɗaga mafi ƙarancin sigar kwamfailar GCC da take karɓa zuwa 5.1 a 2021, sannan a 2022 ta bar C89, tsohuwar ƙa'idar yaren shirin kwamfuta na C, ta koma C11 da ta fito bayanta. To, ina dalilin ɗora wa mutum ɗaya mai aiki da dare abin da Linux ta sauke?

Malama Hadiza: Malam Aminu, ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba, amma ka tuna Fabrairun 2021, lokacin da laburaren cryptography na yaren Python ya fitar da sigar 3.4 mai buƙatar yaren Rust. Masu na'urori irin su alpha da m68k, waɗanda kwamfailar Rust ba ta kai gare su ba a lokacin, sai suka wayi gari sun kasa girka shi, alhali laburaren tsaro ne. Ga kuma curl, shirin aikawa da karɓar bayanai ta intanet, wanda ya riƙe C89 da gangan domin ya shiga kowace irin na'ura.

Injiniya Bashir: Ku yi haƙuri in shigo, domin sabuwar kwamfaila ma tana da nata ciwon kai. GCC 14 ta mayar da kiran aikin da ba a bayyana shi ba kuskure mai tsayar da komai, maimakon gargaɗi. GCC 15 kuma ta ɗauki C23, sabuwar ƙa'idar C, a matsayin tsarinta na asali, inda bool ta zama keɓaɓɓiyar kalma da mai shiri ba zai iya ayyana ta da kansa ba. A ƙaramin laburaren da nake kula da shi, layi ɗaya tak da ya ayyana bool ne ya hana ginin, wato aikin kwamfaila na haɗa shirin, tafiya. Na gyara shi, washegari sai ga ƙorafi daga wani kamfani cewa gyaran ya karya musu gini a CentOS 7, wani nau'in Linux mai GCC 4.8.5, tsarin da aka daina tallafa wa tun Yunin 2024. Dare uku na yi a kan wannan, kuma ko na'urar gwaji ba su ba ni aro ba.

Malam Aminu: Abin da nake faɗa ke nan, Injiniya. Gajiyar mai kula da xz, manhajar matse fayiloli, na cikin abin da ya ba maha'inci ƙofar cusa mugun kod da aka gano a Maris 2024.

Malama Hadiza: To, a rubuta mafi ƙarancin sigar a fili, a kuma sanar tun kafin a yanke. Injiniya, shin ka taɓa gaya wa kamfanin nan ranar da za ka daina tallafa wa 4.8.5?

Injiniya Bashir: Ban taɓa ba, Malama. Zan rubuta ranar a sanarwar siga mai zuwa, in kuma nemi su kawo wanda zai riƙa gwada musu ginin.