Muhawara: Da gaske ne mai gidan haya a Kano ba ya faɗuwa?

Ɗan kasuwar Kantin Kwari:
Assalamu alaikum. Ina son 'yan wannan zaure su auna maganar da na daɗe a kanta, wato duk mai rarar kuɗi a Kano a yau ba shi da ma'ajiyar da ta fi gidan haya. Hujjata ita ce abin da ya sami naira. A farkon Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, amma a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, siminti da rodi kuma suka bi ta. Wanda ya bar kuɗinsa a banki ya tafka asara yana zaune, wanda kuwa ya riga ya gina, gininsa ya tashi tare da kayan gini. Ga kuma jama'a: tun ƙidayar 2006 jihar nan ta wuce mutum miliyan 9, gari ya cinye gonakin Kumbotso da Ungogo, kuma kowane ango ɗaki yake nema.

Dillalin gidaje, Hotoro:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ka haɗa abu biyu da ya kamata a raba, domin abin da yake tashi shi ne fili, shi kuwa gini tsufa yake yi tun ranar da aka miƙa makulli. Mu ɗauki misali kawai: gidan da ya ci naira miliyan 40, aka ba da hayarsa miliyan ɗaya da rabi a shekara. Wannan bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, alhali hauhawar farashi a 2024 ta wuce kashi 30, kuma sai an shekara fiye da 26 kafin haya ta mayar da uwar kuɗi. Ban sa fenti ba, ban sa kwasar masai da gyaran rufi bayan damina ba, ban kuma sa watannin da gida zai zauna babu kowa ba. Da an raba kuɗin nan an sayi fulotai a bakin gari, inda titi yake dosa, an katange an bari, da ribar ta fi haka ba tare da rigimar ɗan haya ba.

Malamar makaranta, Rijiyar Zaki:
Malam dillali ya yi gaskiya a lissafi, amma ina so a faɗi dalilin da ya sa haya ba ta bin farashin gini. Albashi ne yake biyan ta. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma daga cikinsa mutum zai ci abinci, ya hau adaidaita sahu, ya tara kuɗin shekara guda ya ba mai gida a dunƙule. Ina riƙe da gidan marayun yayana, kuma na san nauyin tsayawa a gaban magidanci mai 'ya'ya ka ce masa ya ƙara ko ya tashi. A garin nan kafin ka ba mutum wa'adi, liman da mai unguwa sun zo roƙo, kuma ni ban ga laifinsu ba. Duk wanda zai shiga harkar nan ya sani cewa da iyalan mutane zai yi mu'amala. Sai dai ban yarda da katange fili a bari ba, domin kangwayen nan su ne suke zama juji da maɓoyar ɓata-gari, ga jama'a suna rasa wurin kwana.

Lauya, Titin Gidan Zoo:
Dukkanku kun tsallake abin da yake kawo mutane ofishina, wato takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, abin da mutum yake samu shi ne izinin zama, yawanci na shekara 99, kuma sayar da fili mai shaidar mallaka yana buƙatar amincewar gwamna. Fulotan bakin gari da Malam yake yabo, da yawansu awon igiya ne, ba su da komai sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko dagaci. Ba na raina wannan shaida, amma ba ta hana a sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ba ta kuma gaya maka ko wurin yana kan hanyar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko inda aka tsara titi. Gidajen cikin ganuwa kuwa matsalarsu gado ce, inda magaji ɗaya zai sayar, bayan shekaru wata 'yar'uwa ta fito ta ce ba a raba da ita ba. Kafin a biya ko kwabo, a je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika fayil, a nemi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a kuma ga takardar rabon gado daga kotu. Rusau ɗin Yunin 2023, wanda ya shafi gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, ya nuna cewa asalin fili ma abin tambaya ne: idan a da na makaranta ne, ko masallaci, ko maƙabarta, ni shawarata a haƙura da shi komai arharsa.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari:
Barista, na karɓi maganar takarda gaba ɗaya. Amma Malam dillali, kana auna gida da ribar kasuwa kamar kasuwa ba ta da haɗari. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar da ta shiga Kwari a 2022 sun mayar da masu jari masu neman bashi cikin kwana ɗaya. Ni ba don haya ta azurta ni nake gini ba, ina yi ne don in na faɗi, iyalina su sami abin da yake shigowa duk shekara, wanda yaro ba zai ɗauka ya kai kasuwa da rana ɗaya ba.

Dillalin gidaje, Hotoro:
To, wannan wahalar sayarwar da kake yabo, ita ce take kama mai gida ranar da buƙata ta taso, domin babban gida yana iya yin watanni a hannunmu, kuma da zarar masu saye sun ji mai shi yana cikin matsi, sai su karya tayi. Idan ginin za ka yi, Alhaji, ka bar katafaren gida na iyali ɗaya, ka yi ƙananan ciki da falo a Dambare ko Rimin Gata, kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda ɗalibai da ƙananan ma'aikata ba sa yankewa. Ka haƙa rijiyar burtsatse, ka raba wa kowa mitarsa, domin ruwa da kuɗin wuta su ne suke haɗa 'yan haya faɗa.

Malamar makaranta, Rijiyar Zaki:
Ka kuma je unguwar a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda yake kwanciya kafin ka yi tayi. Barista, ina da tambaya a kan gidan marayun nan, wanda takardar ciniki kawai gare shi da sunan mahaifinsu: da kotu zan fara, ko da KANGIS?

Lauya, Titin Gidan Zoo:
Da kotu, Hajiya. Sai kotun shari'ar Musulunci ta tabbatar da magada da rabon kowa a rubuce, sannan a ɗauki wannan takarda a nemi shaidar mallaka da sunayensu.