Wa ya taɓa shiga kogon Tapolca?

Ummu_Hanan: Salam 'yan uwa, muna karatu a Budapest, babban birnin Hungary, ni da maigida, hutun nan muna so mu je Tapolca kusa da tafkin Balaton, an ce akwai kogo a ƙarƙashin garin har kwalekwale ake shiga a ciki. Da gaske ne? Kuma za a iya zuwa da yaro ɗan shekara 4?

Baban_Khalifa: Wa alaikumus salam Hajiya, gaskiya ne wallahi, gidajen mutane na sama kogon na ƙasa. A 1903 aka gano shi ana cikin haƙa rijiya, 1912 aka buɗe wa jama'a. Ba mutum ya haƙa ba, ruwa ne ya yi ta cin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake siminti da shi ɗin nan, har ya zama hanyoyi. Da kanku za ku tuƙa, ruwan garau kina ganin ƙasansa da 'yan ƙananan kifaye, sai dai wani wurin rufin ya sauko sosai dole ku sunkuya, ni kam tasbihi kawai na dinga yi.

Zee: Anty yaro ba matsala amma matakala 73 ce, wajen hawowa a shirya goyo. Kar ki sha kayan sanyi, ciki digiri 20 ne rani da damina ga laima.

Ummu_Hanan: Na gode, Allah ya saka. Layi fa?

Baban_Khalifa: Lokacin zafi ana cika maƙil, ku sayi tikiti ta intanet tun kafin ku hau jirgin ƙasa.